Wa Ke Sallama?

Kwana arba'in da kai Baba makwancinsa,
motarsa na nan gindin dogon yaro a Mabera,
tsuntsaye sun cika gilashinta da rubutu.
Makullin ya karye tun yana jinya.
Guntun ƙarfen ne ya rage a hannuna,
kan robar kuwa ban san inda ya shiga ba.

Na kai wa Ɗan'ige a bakin tsohuwar kasuwa.
Ya matse guntun, ya goga, ya hura,
tudu ya bi tudu, kwari ya bi kwari,
ya miƙo min sabo yana ƙyalli, da sauran zafinsa.

Ƙofa ta buɗe ba gardama.
Ƙanshin turarensa na nan jikin kujera.
Na murɗa.
Inji ya yi tari, ya sake tari
kamar tsoho da asuba, bai tashi ba.
Wata 'yar jar fitila mai siffar makulli
sai ƙyafta min ido take.

Yaran unguwa suka tura ni har bakin kwalta
cikin ranar da ke narka takalmi,
suka sake turo ni gida.

Bayan la'asar Jabbi mai wayar mota ya iso bisa babur.
Bai ko ɗaga murfin inji ba.
Ya juya makullina a tafinsa, ya yi murmushi:
"Batir lahiya lau. Wagga mota ba ta san ka ba.

Cikin kan makullin asali akwai 'yar ƙwaya,
da kaɗan ta ɗara shinkahwa.
Ba ta da batir, kwana takai.
Ka ga zoben ga da ya kewaye ramin makulli?
Zaren tagulla ne naɗe ciki.
Kana murɗawa sai ya aika mata wuta
ba tare da ya taɓa ta ba, ta farka.
Mota ta ce, wa ke sallama?
Ƙwaya ta hwaɗi lambarta.
Ƙwaƙwalwar inji ta duba littahinta.
In sunan na ciki, ta saki mai, ta saki tartsatsi.
In babu, murɗa har Magariba.
Duk kahin ƙyaftawar ido a kai wanga zance.
Naka makulli haƙora gare shi, ba shi da halshe."

Ya ce ana iya sayen wata ƙwaya,
a jona na'ura, a rubuta baƙo cikin littafin.
Ya faɗi kuɗin. Na kalli ƙasa.

Ashe Inno na jin mu daga zaure.
Da dare ta kira ni, ta kwance wani ƙullin hankici:
tabarau mai ƙafa ɗaya, carbi, katin asibiti,
da baƙin kan makulli,
ga sawun haƙoransa inda yakan cije shi
in yana rufe ƙofar gida da hannu biyu.
"A aljihun rigar da aka cire mai na tsince shi.
Ban san yana magana ba."

Da safe na sa sabon ƙarfe a rami,
na manna tsohon kan jikin zoben da babban yatsa.
Na murɗa.
Jar fitila ta mutu.
Inji ya kama, dogon yaro ya zubo ganye biyu a gilashi,
rediyo ta ci gaba daga tashar da ya bari,
ana faɗin farashin albasa.

Ban je ko'ina ba.
Na zauna mai yana ƙonewa, yatsana ya yi tsami.
Jabbi ya ce ran Laraba zai mai da ƙwayar cikin sabon kai.
Babu wanda ya je ya yi wa mota gaisuwa.
Gobe ma za ta tambaya,
daga cikin tafin hannuna kuma
a amsa mata da sunan da ta sani.